Gara Ta Riga Mu Karanta Littattafan Sahabi

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Sahabi, wanda mutanen Tambuwal ke ce wa Dakta ko da yake bai taɓa yi wa kowa allura ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma da anka zo rabon ƙwaƙwalwa ina can bayan gari ina harbin kurciya. A aji uku na yi sallama da boko. Shi ko ya zarce har jami'a, ya ƙare rayuwarsa yana leƙen wasu halittu da ido ba ya gani, bakteriya.

Da ya yi ritaya ya dawo gida, ya ɗauki aniyar rubuta iliminsa da Hausa. Kuma ni ya zaɓa abin gwaji. Ya ce in dai na gane, to babu wanda zai kasa ganewa a ƙasar Sakkwato. Na ɗauka yabo ne, sai bayan kwana biyu na gane zagin.

Kullum bayan la'asar sai ya zaunar da ni a zaure. Ya ce cikin kowace ƙwayar bakteriya akwai wani dogon zare, DNA, wanda duk ayyukanta ke rubuce a jikinsa babi-babi. Ba ta aiki da asalin rubutun. Akwai mai kwafe, da ke bin zaren yana kwafo babin da ake bukata, sannan a yi aiki da kwafin. To don kada a yi ta kwafe-kwafen banza, akwai wani ɗan sinadari, furotin, da ke hawa bakin babi ya yi zamansa, ya tare hanya. Babin narkar da sukarin nono, alal misali, a rufe yake muddin babu nono. Ranar da nono ya zo, sukarin ya manne wa mai zaman, sai jikinsa ya saki, ya sauka, a kwafe babin. Akwai kuma wani furotin da aikinsa kiran mai kwafen ne, in abincin da anka saba ya yanke.

Na ce, "Wanga mai zaman, albashi nawa aka ba shi?"

Ya ce, "Yaya, da ana ɗaukar mutane wanga aiki, da kai ka zan shugabansu. Shekara sittin kana zaune kana hana ruwa gudu."

Duk cikin karatun, mai zaman nan ne ya kwanta mini a rai. A karon farko na ji ilimi ya yabi sana'ata.

Da Allah Ya karɓi abinsa, ya bar littattafai goma sha huɗu na rubutun hannu cikin akwatin katako a ɗakinsa. Ni ne babba, makulli ya faɗo hannuna. Na rufe ɗakin, na rataya makullin a wuya kamar laya. Ɗiyarsa Saratu, wadda yanzu ke koyar da kimiyya a wata sakandare a Kebbe, ta yi ta zuwa tana roƙo. Ɗalibanta na haddace Turancin ba su san abin da yake nufi ba, tana son bayanin ubanta. Ni kuma ina tsoron littattafan su fita su watse, wannan ya ara, wancan ya naɗe ƙosai da su. Sai in gyara zama in ce mata, "Ubanki da bakinsa ya ce ba a buɗe babi sai da bukata."

Ta ce, "Baffa, to ai bukatar ce ta zo. Rabin karatun ka riƙe."

Gaskiya ta faɗa, amma tsoho ba ya karɓar gyara a tsaye.

Na kan tambayi kaina abin da Sahabi zai ce da ya ga zamanin nan. Kowa da waya a hannu, kowa likita. Mutum ya yi atishawa sau biyu sai ya aika a sayo kafso, ya sha rabi, ya zuba wa kaji sauran. Shi da ke cewa halittun nan suna da babin kare kai daga magani, kuma mu ne ke koya musu buɗe shi. Zai yi faɗa ƙwarai. Sai dai na san kafin ya kai ga masu kafso, da ni zai fara.

Bara da damina ruwa ya zubar da katangar bayan ɗakin, dole na cire makulli daga wuya. Saratu ta hau mota daga Kebbe da sassafe, har da sabon buhu na zuba littattafai. Munka ɗaga murfin akwati. Gara ta yi gini a ciki hawa-hawa, kamar an ba ta kwangila. Daga littafi na ɗaya har na sha huɗu ta sauke, ba ta bar mana ko bango ba. Shekara goma ina gadin ƙofa, ɗalibai na shiga ta ƙasa.

Saratu ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna bakin ƙofa tana kallon akwatin. Don in rage nauyin abin, na fara surutu, ina ba ta labarin yadda ubanta ke kwatanta mai kwafe da makaho mai lalube a jikin igiya har ya ji inda babi ya soma. Ta ɗago kai.

"Baffa, sake faɗi. Mi ya ce bayan nan?"

Na faɗa. Ashe karatun Sahabi yana nan. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami, ni kuwa na kwana da damin a cikin kai. Tun daga ranar, duk Asabar tana zuwa da littafi da biro, ina zuba tana rubutawa, tana tsince ƙaryar da na ƙara don daɗin labari. Ta ce tana gane tawa da ta ubanta, don tawa ta fi gishiri.

Sahabi ya bar gida, ruwa ya ci rabinsa. Ya bar rubutu, gara ta gada. Abin da ya tsira shi ne wanda ya yi ta ɗurawa da haƙuri a kunnen da ya fi kowanne toshewa a gidanmu. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Ni kuma ku taya ni roƙo kada a kira ni kafin mu kai babin ƙarshe, don in na isa can da sauran karatun a kaina, ban san da wane ido zan dube shi ba.