Motar Yaƙin Baba

Shekarun baya, lokacin da shagona na Ƙaura bai wuce faɗin tabarma biyu ba, na sayi wani kwali na kayan hannu wajen wani mutum mai shigo da su ta iyakar Nijar. Sana'ata ke nan har gobe: tsofaffin wayoyi, rediyo, caja, fitila, duk abin da ke cin batir. Da tire na fara, ina yawo da shi a tasha, shi ya sa ban saba barin kaya ya yi mako a hannuna ba.

A ƙasan kwalin na tarar da wata na'urar gem ta hannu, baƙa, allo a tsakiya, maɓallai hagu da dama. Na yi mata caji na kunna. Wasa ɗaya ne a ciki: motoci ne masu bindiga a saman kai, a zuba su cikin wani fili mai katanga, kowa ya harbi kowa, kowa ya banke kowa, wadda ta rage ita ta ci. Da hannun hagu ake juya sitiyari. Totur da birki da harbi duk suna dama. Na ce bari in ɗan taɓa don in san farashin da zan yanka mata. Ranar sai da wani mai neman caja ya yi sallama sau uku kafin in ɗago kai. Ni da nake cewa masu buga gem ba su da aikin yi.

A lokacin gidanmu ba daɗi. Mahaifina tsohon direban babbar mota ne. Tun kafin a haife ni yake ɗauko gero da dawa da gyaɗa daga Shinkafi da Zurmi yana saukewa a Ƙaura. Hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da magani da addu'a baki ya dawo, ƙafa ta dawo har yana takawa da sanda. Hannu ne ya ƙi. Yana iya ɗaga shi, amma yatsun ba sa damƙar komai. A asibiti suka ba shi wani ƙwallon roba, suka ce ya riƙa matsawa safe da yamma, in ya dage yatsun za su farka. Muna isowa gida ya wurga shi bayan rumbu. Ya ce shi ba yau aka yaye shi ba.

A layinmu kuwa, in an sallame magariba, kowane gida yakan fitar da tuwo ƙofar gidanmu, dattawa su kewaye kwano su ci tare. Baba ne ya kafa wannan zaman, shi ne kuma mai surutun wurin. Tun da ya dawo daga asibiti bai sake leƙawa ba.

"Ba ni sa hagu cikin kwanon mutane," in ji shi. "Kuma ba a ba ni a baki gaban tsarana."

Limamin unguwa ya zo har ɗaki ya gaya masa lalura ce, babu laifi. Baba ya yi godiya, ya raka shi da ido, bai fita ba. A cikin gida ma sai ya kurɓi fura ya ture ƙwarya. Riga ta fara yi masa yawa. Wata safiya mahaifiyata ta tare ni a bakin zaure ta ce, "Ubanka hwa ba ciwon nan zai kashe shi ba, kunya ce."

Maganar ta bi ni har shago. Ina riƙe da gem ɗin, babban yatsana na dama yana zafi don dannawa, sai abin ya faɗo mini. Matsawa ake so ya yi, ga abin matsawa, ga kuma mota a ciki. Da yamma na kai masa da rawar jiki, na kunna na miƙa.

Ya kalli allon, ya kalle ni. "Mine ne wanga?"

"Mota ce, Baba. Ana tuƙi ana harbi."

"Harbe-harben da ke cikin daji bai ishe ku ba, sai kun sawo na aljihu? Ɗauke mini."

Na ɗauke, na fito ina jin haushin kaina. Ni da nake taƙama da sanin ciniki, na yi kuskuren ɗan koyo. Kayan da ka tura wa mutum har gado ba shi da daraja a idonsa. Mai saye ba ya motsi sai ya ga kayan a hannun wani, musamman wanda ya raina.

To, akwai wanda Baba ya raina da gaske, wato taubashinsa. Ɗan ƙanin mahaifiyar Baba ne, tsohon mai awon hatsi a kasuwa. Tun suna yara suke tsokanar juna, kowa na cewa ɗan'uwansa ne bawa. Mutumin nan ko keke bai taɓa hawa ba. Na kira shi shago na zayyana masa komai, na koya masa maɓallan kwana biyu. Na so in roƙe shi ya riƙa yin tuƙin banza da gangan, sai na ga babu buƙata. Allah ya hore masa.

Ranar Litinin bayan la'asar ya shigo gidanmu, ya zauna a tabarmar Baba a gindin dogonyaro, ya ƙure ƙarar gem ɗin. Ni ina gefe ina yin kamar gyaran rediyo nake.

"Bawana, matsa ka ga yadda ake tuƙi."

Baba ya ci gaba da jan carbi da hagu. Injin yana kuka, motar taubashi tana karo da katanga, tana ja da baya, tana sake karo da katangar nan dai. Na ga idon Baba ya saci kallo. Carbin ya tsaya.

"Wa ya ce maka a shiga kwana da totur?"

"Ina ruwanka? Motata ce."

"Saki! Saki mana, ka taka birki! Kai, wanga ba tuƙi ba ne, kisan kai ne. Ga ta nan bayanka, jar nan! Shi ke nan, sun ƙone ka. Da mutane ka ɗauko da yanzu ana wankan gawa."

Taubashi ya juyo ya ce, "To kai gwani, hannunka na ina?"

Duk gidan babu mai ambaton hannun nan. Mahaifiyata da ke tankaɗe ta dakata. Baba ya zuba masa ido, ni kuwa na fara lissafin ta inda zan ba da haƙuri. Sai na ji ya ce, "Miƙo nan. Da hannu guda na fi ka, na fi ubanka." Ya waiwayo gare ni. "Kai, zo ka riƙe mini wancan ɓarin."

Haka muka fara. Shi yana sitiyari da hagu, ni ina dama. Magidanci da mata da 'ya'ya da shago, na koma yaron mota. "Ba ta wuta. Ya isa! An ce ya isa, kurma ne kai? Birki. Harba. Ba yanzu ba, bari ta juyo ciki." In na danna kafin ya ce, sai in sha gwiwar hannu a haƙarƙari.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne salon tuƙinsa. Ni da an busa nake faɗawa tsakiyar fili ina ɓarin wuta, cikin minti ɗaya a mayar da ni gawayi. Baba kuwa sai ya bi jikin katanga a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Ya bar su su cinye juna. In wata ta biyo shi, ya ja da baya ya shige tsakanin ganguna ba tare da ya goga ko ɗaya ba, ita ta zo a guje ta daki bango, sannan ya ce in harba. "Mu da munka yi tuƙi a hanyar Zurmi da damina," in ji shi, "mi wanga fili zai nuna muna?" Cikin mako ɗaya muka wuce inda ni kaɗai na kasa wucewa. Mahaifiyata ta ce rabon da ta ji dariyarsa tun kafin asibiti.

Amma ni ba dariya kaɗai na zo nema ba. Hannun dama yana nan a kan cinya. Ranar Laraba da yamma na ce masa gobe kasuwar Shinkafi, sammako zan yi. Na cika gem ɗin da caji na ajiye kusa da matashinsa kamar mantuwa. Taubashi kuma na ce kada a ga ƙeyarsa.

Da na dawo, mahaifiyata ta ja ni madafa tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce tun hantsi take jin kukan inji a ɗaki. Ta leƙa ta labule ta gan shi ya ɗora abin a gwiwa, ya kamo hannun daman da na hagu ya aza a kai, yana danna totur da gaɓar yatsa. Motar ta ɗan matsa ta tsaya, ta ɗan matsa ta tsaya. Gumi har gemu, yana zagin motar yana zagin yatsan. Na ce mata kada ta nuna ta gani. Ni ma ban nuna ba. Daga ranar sai uzuri ya yi mini yawa: yau kaya sun iso, gobe ana nemana a Zurmi. Bayan kamar mako biyu mahaifiyata ta ga ya aiki sandarsa bayan rumbu ya jawo ƙwallon roban nan. Ya ce mata wai kada akuya ta haɗiye.

A tsakanin nan wani ma'aikaci da ya taɓa ganin gem ɗin a shago ya dawo ya taya shi ninki biyu na abin da na sa rai. Wallahi har "na sallama" ta hau kan harshena, don ita bakina ya saba da ita. Na haɗiye. Ranar na fara cewa wani kaya nawa ba na sayarwa ba ne, har na ji kamar zazzaɓi zai kama ni.

Wasan yana da mataki na ƙarshe: wata baƙar tirela mai ƙahonin ƙarfe. Ba a kayar da ita sai ana riƙe da totur da babban yatsa, ana harbi da manuni a lokaci guda. Nan Baba ya maƙale wajen wata guda. Taubashi ya samu abin yi.

"Wagga ta fi ƙarfinka, bawana. Ran da ka kashe ta, ni da kaina zan ɗauki buta in wanke maka hannu a ƙofar gida, gaban kowa, in ce kai ne ubangida."

"Ka ji shi ko?" Baba ya ce da ni. "Kai ne shaida."

Wata Asabar, rana ta yi ja, ina shigowa gida na ji ihu. "Ta faɗi! Ta faɗi, la'ananniya!" Baba ne a tsaye babu sanda, ya ɗaga gem ɗin sama da hannu biyu, allon cike da wuta. Kaji suka watse. Taubashi ya karɓa ya duba, ya girgiza kai, ya ce a bari a yi salla.

Ana sallamewa ya ɗauko buta ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Ranka ya daɗe, bawa ya kawo ruwa!"

Sai a lokacin Baba ya ga ramin da aka haƙa masa. Wanke hannu a ƙofar gida, ga kwanoni an jera, ai ba don a tafa ba ne. Ya kalle ni, na kalli sama. Ya gyara hula ya fita.

Dattawa suka buɗa masa wurinsa kamar jiya ya tashi. Taubashi ya durƙusa ya zuba masa ruwa. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Baba ya yi bismilla ya kai hannun dama. Yana rawa. Lomar farko ta suɓuce ta koma kwano. Babu wanda ya ɗago kai, kowa ya dage da kallon gabansa. Ta biyu ya yanko ta ƙarama, ya dangwala, miya tana ɗiga a rigarsa, ya kai baki.

Taubashi ya ce, "Tirela guda ka kashe, loma na ba ka wuya."

Baba ya haɗiye ya ce, "Bawa ba ya magana ubangida na cin abinci."

Wurin ya fashe da dariya. Ni ina cikin zaure ban fito ba. Na tarar da mahaifiyata a bayana tana share ido da gefen mayafi, tana cewa hayaƙi ne.

Ba na cewa gem magani ne. Na asibiti sun yi nasu, ƙwallon roba ya yi nasa, Allah ne ya ba da sauƙi. Hannun ma bai koma kamar da ba, har yau ba ya iya ɓalle maɓallin riga. Abin da na ɗauka dai shi ne, wata huɗu muka yi muna lallashin mutumin nan kamar marar lafiya, yana ƙara lafewa. Ranar da aka zage shi a matsayin direba, ranar ya tashi.

Gem ɗin yana nan a aljihunsa tare da carbi, allon ya tsage, na sauya batir sau biyu. Kwanan baya na ce ya ba ni in ɗan taɓa. Ya miƙo, ya kalli tuƙina na minti ɗaya, ya fizge abinsa da hannun dama.

"Je ka kasuwa," in ji shi. "Can ka iya."