Hansai Malamin Gona

Hansai ce mace ta farko a Tsiga da ta gama jami'a. Ta dawo tana koya wa manoman auduga feshin magani, su kuma suka laƙaba mata Malamin Gona, kamar harshensu zai karye in sun ce Malama. Maza ba sa haɗa tabarma da ita. Mata kuwa, da an ce ga Malamin Gona, sai su gyara mayafi, hira ta mutu. Haka ta tsufa.

Ranar bikin 'yar ƙanwarta, a zaure aka sauke ta bayan maza sun watse, aka kawo mata tuwo. Tana jiyo guɗa daga cikin gida, ta wanke hannu, ta ci ita kaɗai.