Tofin Goro a Ƙarƙashin Motar Kawu

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ka sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya zauna tashar Ƙanƙara zai gane ni ko babu suna.

A lokacin ni ɗan bakin tasha ne. Boko na ajiye ta a aji uku na sakandare, gareji kuma na leƙa na 'yan watanni, na fito ban iya komai ba sai sunayen kayan mota da tsokanar masu gyaranta. Amma baki kam Allah ya ba ni. In mota ta wuce majalisarmu sai in karkata kunne in ce wannan ba za ta kai Mairuwa ba, a yi ta dariya ana ce mani Injiniya. Tun ana faɗa da wasa har na fara amsawa da gaske.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Manomi ne a wani ƙauye gefen Daudawa, yana da shanun huɗa biyu da yake kula da su fiye da kansa. Da gwiwa ta fara cin shi, bin garma ya zama azaba, sai ya yanke shawarar saida su ya sayi mota. Ni in riƙa tuƙi muna kai hatsi da mutane kasuwar 'Yankara da ta Sabuwa, abin da aka samu a riƙa ɗaukar masu yi mashi huɗa da damina. Na san har da ni a dabarar, so yake ya raba ni da zaman tasha. Ya ce shi bai san kan mota ba, amma Allah ya ba shi ɗa Injiniya, abin da na ce shi za a yi.

Wani dillali ya kai mu ƙofar gidan mai motar a Ƙanƙara. Irin mai dogon bayan nan ce, atomatik mai canza giya da kanta, an wanke injin da kalanzir yana ta sheƙi. Ƙofar gidan an share an yayyafa ruwa, kamar yadda kowa ke yi da safe. Na buɗe bonet, na shuri taya, na taka totur ina gyaɗa kai. Da aka matsar da ita sai na hangi ɗigo-ɗigo ja a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, daidai inda cikinta yake. Dillalin, bakinsa jajir da goro, ya ce ai shi ya tofar, nan ya tsaya kafin a faka ta. Edita, da na duƙa na dangwala da yatsa na shinshina, da magana ta ƙare a nan. Amma farar shadda ce a jikina, ta aro, ga mutane na kallon Injiniya. Sai na ce mashi da wannan tofi nashi ai sai a yi wa gida fenti. Aka fashe da dariya, na juya na ce wa Kawu lafiyarta lau, ya biya.

Washegari a gida, ƙarƙashin darbejiyar da muka ajiye ta, ga jan abin nan ya sake fitowa, kuma babu dillali a garin. Na taɓa. Santsi. Man giya ne, ko ni da ban gama gareji ba na san shi. Ga shi shanu tuni sun hau tirela sun yi kudu. Na waiga babu kowa, na tura ƙasa da ƙafa na rufe. Haka ya zama aikina kullum kafin in wanke ido. Ran nan wani maƙwabcinmu ya riga ni gani, ya tambaya ko motar jini take yi. Kawu na zaune kan tabarma yana gyaran igiya. Na ce tofin goron Kawu ne, ya mai da ƙarƙashin mota wurin tofinsa. Maƙwabci ya yi dariya ya wuce. Kawu bai ɗago ba.

Man yana raguwa, ni kuma ba zan iya shiga shago a Faskari in nemi man giya ba, don kafin in dawo labari ya riga ni gida. Mai saida fetur a galan a bakin hanyarmu yana da baƙin mai na inji a kwalba. Na ce mai ai mai ne, na riƙa ɗura mata. Ta fara nuna mani halinta. In na saka giya sai ta yi jim, sannan ta zabura kamar an tsikare ta. A hawa inji ya yi ta kuka ita tana jan ƙafa. Wani ƙauri ya riƙa tasowa. Fasinja na ƙorafi, ni ina ce masu motar manya ce, sai ta yi shawara kafin ta tashi.

Da kaka muka loda masarar Kawu ranar kasuwar 'Yankara, shi a gaba, mutane a baya. A wani ɗan hawa bayan Faskari ta yi kuka ɗaya mai tsawo ta tsaya. Inji na aiki, taya ba ta motsi. Kun san hanyar nan yanzu, ba wurin da mutum ke son tsayawa ba ne. Fasinja suka tare babura suka watse suna zagina. Kawu ya ƙi barin masararsa, ya zauna kan buhu yana jan carbi, idonsa na kan daji, har aka samu wata motar kaya ta ja mu da igiya.

Makaniken da ya kwance ta a Faskari ya tsiyayo man a kwano, baƙi ƙirin yana warin ƙonewa. Ya nuna mamu wata 'yar roba da ta tsage da tiyon da ya saki, ya ce asalin ciwon ke nan, aikin safiya ɗaya. Yanzu kuwa giyar ta dahu gaba ɗaya. Ya tambaya wane mara imani ne ya zuba mata baƙin mai. Kawu bai bari na amsa ba, ya yi mashi godiya muka fito.

Sai a hanya ya yi magana, a hankali, ba tare da ya dube ni ba. "Rabona da goro tun da haƙorana suka fara zuba, ka sani. Na ji ka ranar. Ina kuma ganin ka kullum kana rufewa da ƙafa. Na yi shiru ne don kada in kunyata ka, na ce yaro ya san abin da yake yi."

Da ya mare ni da ya fi mani sauƙi.

Motar tana nan kan duwatsu ƙarƙashin darbejiya, kaji na ƙwai a ciki. Damina ta zo babu shanu babu mota. Rabin gonar muka bari ciyawa ta ci, sauran rabin ni da Kawu muka bi da fartanya, yana yi yana dafa gwiwa. Bai taɓa tayar da maganar ba. Sunan Injiniya ne kawai ya daina kira na da shi, kuma duk gidan aka daina.

'Yan uwana masu baki irin nawa, ku ji. In za a sayi mota ta hannu, kada ku yarda da inji mai sheƙi ko ƙasa mai danshi. Ku shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, a bar ta ta huce a kai. Baƙi na inji ne, ja na giya ne, kowane da mazubinsa, ba a yi masu aro. Ku duƙa ku taɓa, shadda wankuwa take. In ba ku sani ba, ku ce ban sani ba, a kira wanda ya sani. Ni na ji kunyar faɗin haka, sai ga dattijon da ya riƙe ni yana duƙe a gona a madadina.