Jan Ruwan Gummi da Bututun Malam

Mun tashi daga Gusau ana idar da sallar asuba, ni da direba da mai haɗa mini famfo, a cikin tsohuwar a-kori-kurata. Bayan motar cike yake da buhunan yashin tacewa da tsakuwa da gawayi. Sana'ata ke nan tun ina da rumfa ɗaya: sayar da famfo da tankuna da kayan tace ruwa ga masu ruwan leda da masu injin shinkafa.

Wani Alhaji mai masana'antar ruwan leda a Gummi ne ya kira ni. Ruwansa yana fitowa daga inji ba laifi, amma in ya kwana a leda sai ya yi ja, ƙasan ledar ya tara abu kamar tsatsa. Masu shaguna sun daina karɓa. Ya ce mini in ban gano matsalar a wannan zuwan ba, rufe wurin zai yi ya sallami kowa. Kafin in taso na sa ya aiko mini da galan ɗaya ta tasha, na kai ɗakin gwaji. Sakamakon ya nuna ƙarfe ne ya yi yawa a rijiyar burtsatsensa, dalma kuwa babu.

A Mayanchi muka tsaya sai da rana ta fito sosai motoci suka taru, don wannan hanya ba a bin ta da duhu, ba a kuma bin ta kai kaɗai. Daga nan zuwa Anka shingen jami'an tsaro ne bayan shinge. A kowanne sai an taɓa buhunan an tambaya, kuma duk wanda na ce wa yashi ne sai ya dube ni da tausayi, wai mutum ya ɗauko yashi daga Gusau zai kai bakin gulbi. Dawa ta yi kai a gonakin da ke kusa da titi. Fetur kuwa, duk garin da muka ƙara gaba sai kuɗinsa ya ƙara tsawo.

Mun karya a Anka da shayi da hoce mai zafi, wato wainar dawa ta yankin, aka barbaɗa mana garin ƙuli. Mai shayin da ya ji sana'ata sai ya rage murya ya tambaye ni ko jan ruwan da ake faɗi a Gummi dalma ce. Ban yi mamaki ba. Mutanen da suka ga yadda gubar dalma ta kashe yara a Dareta da Bagega ba za a ce sun cika tsoro ba. Na gaya masa gaskiya: dalma ba ta da launi, ruwa na iya zama fari tas yana ɗauke da ita, gwaji ne kawai ke nunawa. Bai ji daɗin amsar ba, amma ya ƙara mini shayi.

Mun ratsa ƙasar Bukkuyum, muka sha fura da nono a Daki Takwas wajen wata Bafulatana da ta ƙi rage ko sisi, muka shiga Gummi gab da azahar.

Alhaji ya tarbe mu da maganar da na saba ji: in kawo masa babban inji irin na birni, ko a haƙa sabuwar rijiya. Da na ce masa to, da na yi ciniki mai kyau, da kuma bayan wata biyu ya kira ni yana zagi. Na ce a fara nuna mini yadda ake aiki.

Mai kula da injin wani dattijo ne ɗan gidan malamai, kowa Malam yake ce masa. Wurinsa tsaf, ko ɗigo babu a ƙasa. Ga wanda bai san aikin ba: ruwan rijiya yana hawa babban tanki, daga nan ya bi ta tankin yashi, yashin ya riƙe dattin. Kullum sai an juya ruwan ya bi ta ƙasa ya fito ta sama, ya kwaso abin da yashin ya riƙe, a zubar da shi a kwata. Na ce Malam ya wanke in gani. Ya murɗa makunnan daidai, ba kuskure, na ji ruwa na gudu. Na zagaya bayan gini in ga kalarsa, sai na tarar da kwatar a bushe ƙayau, har wata kaza ta samu wuri tana kwanci a ciki.

Mai haɗa mini famfo ya bi bututun da hannu. An yanke shi an yi masa gwiwa, ya hau bango, ya koma cikin babban tanki. Wato duk tsatsar da yashi ya tace yau, gobe ita za a sake ba shi, har da ta goben.

Alhaji ya hau faɗa. Malam ya bari sai da ya gama.

"Alhaji, ni na sa aka yi shi, ban ɓoye ba," in ji shi. "Ruwanga da kake cewa a zubar, duro nawa ne kullum? Garinmu, Innata har ta tsufa tana tahiya mai nisa kan tulu guda. Mahaihinmu ko wurin alwala ka yi ɓarna sai ka sha carbi a ka. In buɗe famfo in tsaya ina kallon shi yana bin kwata? Ba ni iyawa."

Alhaji ya ce, "To ni in ta sayar wa mutane tsatsa saboda kai ba ka iyawa?"

Na ga in na mayar da bututun na tafi, ba za a yi mako ba Malam zai daina wankin gaba ɗaya, ko kuma ya ajiye aikin, alhali irinsa ba a samu a kasuwa. Da muna shigowa na lura da masu buga bulo a filin da ke jikin katanga, 'yan garuwa na ta kai musu ruwa. Na ce, "Malam, in ruwan ya shiga bulo aka gina ɗaki da shi, ɓarna ce?" Ya ce a'a, wannan amfani ne. Shugaban masu bulon kuwa, da na je masa da maganar, ko gama bayani ban yi ba ya aika a kawo diga.

Kwana biyu muka yi. Suka haƙa rami suka shafe shi da siminti, muka ja bututun ta ƙarƙashin katanga zuwa can, na ja kunnensu cewa ba na sha ba ne. Muka wanke babban tanki, abin da ya fito daga ƙasansa sai ka rantse jar laka ce. Muka zuba sabon yashi da gawayi. Na kuma huda bututun da ke zuba ruwan rijiya a tanki, ya riƙa saukowa kamar yayyafi, don in ya sha iska tsatsar tana fitowa da wuri yashi ya kama ta. Da yamma Alhaji ya ciyar da mu tuwon shinkafa da kifin gulbi, yana ci yana hararar Malam.

Na ɗaure leda goma na sabon ruwan na ajiye a rana. Safiyar da za mu taho Alhaji ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙasansu, ya fasa ɗaya ya shanye, ya miƙa wa Malam ta biyu. Sannan ya ce a kira direbobin rabo su fito aiki.

Mun iso Gusau bayan la'asar, lafiya lau, mota ba kaya. Ribar da na samu ba ta taka kara ta karya ba, amma na ƙaru. Na daɗe ina duba inji kafin in dubi mutum. Yanzu duk masana'antar da na shiga, sai na fara zama da mai murɗa makunnan, in tambaye shi abin da aka ce ya yi wanda zuciyarsa ba ta yarda da shi ba.