Kazar Mama Ladi da Tukunya Lamba Tara

Ko zan manta komai na aiki, ban da wata Alhamis a farkon shekarun 2000, ina ƙaramin jami'i mai kula da ɗakin kayan tarihi a Zuru. Rikici ya ɓarke a wani gari nesa da mu, ana ƙone-ƙone, aka ce yana matsowa. Oga ya aiko takarda: a ɓoye kaya, duk abin da ya ɓata a wuyana.

Mafi daraja a wurinmu tukwanen ƙasa goma sha biyu ne, waɗanda Dakarkari na da suke ɗorawa a kan kabari. Kowace da lambarta a gindi da kuma cikin rajista.

Saja Bawa, maigadinmu, tsohon soja, ya ce a jera buhunan yashi a ƙofa, shi zai tsaya. Makaminsa gora ce, gwiwarsa ɗaya kuma ba ta lanƙwasuwa. Mama Ladi mai shara ta dube shi ta ce, "Saja, in ka jera buhu, ai ka gaya musu akwai abu ciki. Ku kawo tukwanen gidana. Wa ka kallon tukunya bayan rumbu?"

Haka aka yi. Muka kai su a amalanke cikin ƙaiƙayi, ta jera su tsakanin tsofaffin tukwanenta. Rikicin bai iso ba, Allah ya kiyaye.

Da ƙura ta lafa aka dawo da tukwanen, Oga ya zo ƙidaya da kansa. Sha ɗaya. Babu lamba tara. Wallahi na fara tunanin wace gona zan koma. Mama Ladi ta ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka. Tana nan, amma ba ta tahowa yanzu."

Muka bi ta gida. Ga lamba tara a kishingiɗe, kaza a ciki kan ƙwai. Oga ya miƙa hannu, kazar ta sare shi. Saja ya ƙame ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ba zan iya da ita ba."

Kwana goma sha shida muka jira har kazar ta ƙyanƙyashe, tukunyar ta dawo ko tsaga babu.

Ku matasa, ku riƙe rajista da kyau, amma ranar tashin hankali ku fara tambayar mai shara. Ni da takarduna na iya lambar tukunya ne kawai. Inda za ta tsira, Mama Ladi ce ta sani.