Abin da ya yi ƙasa a jinina

Yayana ya rasu ana tsakiyar girbin masara, bayan ya yi wata huɗu yana jinya. Ciwon daji ne ya kama masa hanta. Mutumin da yake ɗaga buhu shi kaɗai ya koma sai an tallabe shi yake zama. Likitar da ta duba shi daga ƙarshe a Funtua ta ce mu 'yan'uwansa duk mu zo a gwada jininmu. Cikinmu mu shida ni kaɗai na je. Ni ne malamin makaranta, don haka aka ɗauka zan gane abin da za a faɗa.

Bayan mako guda na hau mota daga garinmu Bakori na koma Funtua karɓar sakamako. Likitar ta baje takardar a kan tebur.

"Malam, ba ka da ƙwayar cutar hanta irin wadda marigayi yake da ita. Za mu yi maka rigakafi. Sai dai akwai sinadarai biyu da suka yi ƙasa a jininka."

Ɗaya bitamin D ne. Ɗayan har yau ban riƙe sunansa ba. Na tambaye ta inda ake samun na farkon, ta ce yawanci daga hasken rana.

"Likita, ni da nake tashi daga aji in wuce gona sai la'asar sakaliya? Wace ranar ce ta rage ban sha ba?"

Ta yi murmushi, ta ce haka yakan faru, jiki ba ɗaya ba ne.

"To, wannan ƙarancin ne yake kawo dajin?"

"Ba a tabbatar ba. An lura masu ciwon sukan rasa shi. Amma ko rashinsa ne ya jawo ciwon, ko hantar ce da ta fara lalacewa ta jawo rashin, ba zan iya yanke maka ba."

"Ni wanne ne nawa?"

"Hantarka lafiya lau take a yanzu."

Ina juya wannan "a yanzu" a raina sai ta tambaye ni yadda muke ajiye masara da gyaɗa, da abin da muke yi da wadda ta yi fumfuna. Na gaya mata gaskiya: mai kyau mukan kai kasuwa, wadda ta ɗan taɓu mu niƙa mu ci a gida. Ta ajiye birona da ta ara. Ta ce fumfunar tana da dafin da yake cin hanta a hankali, kuma wuta ba ta kashe shi. Ta rubuta mini magani, ta ce in riƙa cin ƙwai da kifi da ganye.

A gida na tarar da Inna, mahaifiyarmu, tana jirana a ƙofar ɗaki. Sau biyu ina yi mata bayani, kowanne ya fito daban.

"Kana da ciwon ko ba ka da shi?"

"Ba ni da shi, Inna."

"To maganin me suka ba ka?"

"Na abin da ya yi ƙasa a jinina."

"Kai da ba ka taɓa kwana da yunwa ba?" Sai ta ƙara da cewa, "Shi yayan naka, me ya ɗauke shi? Cutar, ko masarar, ko wannan abin?"

Na ce ban sani ba. Ta ce ita ta sani, kwanansa ne ya ƙare. Ban musa ba, amma raina bai kwanta ba.

Washegari ni da matata muka zazzage buhunan abincinmu a tsakar gida muna tsincewa. Duk ƙwayar da ta yi kore ko baƙi-baƙi muka ware, har ta kusa cika kwando. Ta ce a zuba wa kaji. Na ce to, sai kuma na hana, don ban san ko dafin yana bi ta jikin kaza ba. Muka tsaya muna kallon kwandon. Daga ƙarshe na ɗauki fartanya na binne masarar a bayan gida, maƙwabcina yana leƙowa ta kan katanga yana tambayar ko lafiya.

Da yamma ƙanena ya zo jin yadda aka yi. Na ce masa ya shirya ranar kasuwa in raka shi asibiti.

"Me za a gani a jikina, Yaya?"

"Idan mun je ka tambaye ta da kanka. Wataƙila kai ka fi ni ganewa."

Ya ce sai ya gama sussukar dawa. Na ce zan jira shi.