Wanda Ya Bugi Motar Milun

Milun, mijin yayata Grozdana, ya kai shekara sittin bai taɓa mallakar sabon abu ba. Gonar tattasansa da ke bayan garin Leskovac gado ce, tarakta gwanjo ya saya, hatta kwat ɗin da yake zuwa coci da ita ta marigayi babansa ce. Bai iya ƙarya ba, bai kuma iya roƙo ba, alhali da su ake rayuwa a ƙauyenmu. Shi ya sa da ya shigo gari da farar mota dal, ana saura kwana kaɗan bikin ɗansa Vukan, muka ɗauka aro ya yi.

Kusan aron ne. Banki ne ya biya, sunan banki ne a takarda, Milun zai riƙa biya wata-wata shekara biyar kafin ta zama tasa. Bankin ya kuma tilasta masa babbar inshora, irin wadda aka ce tana biyan komai. Grozdana ta ce ita ba ta taɓa ganin mai wanke kayan wani kullum safiya ba, kuma shi ke biya.

Ranar biki muka jera zuwa coci. Motar makaɗa a gaba, sai Milun, sai Budimir da shuɗiyar motarsa, sai ni da tsohuwar akwalata. Budimir shi ne kum ɗin gidan. Danginsa ke riƙe wa dangin Milun jarirai ranar baftisma tun zamanin kakanni, su ne kuma shaidun aurensu. Shi da Milun kowa kum ɗin ɗan’uwansa ne, haka kuma suke kiran juna. A wajenmu daga Allah sai kum. Ba a zaginsa, ba a kai shi ƙara, ko karensa ya cije ka sai ka ce wasa yake yi.

A bakin gada yara suka tare hanya da igiya kamar yadda aka saba, suna ihu: “Kum, jakarka ta kama da wuta!” Aikin kum ne ya watsa musu tsaba. Makaɗa suka taka burki, Milun ya taka. Budimir kuwa ya zuro rabin jikinsa ta taga yana watsa kuɗi da hannu bibbiyu, abin da ke nufin babu ko ɗaya a kan sitiyari. Ya daki Milun, Milun ya daki makaɗa, ni na daki Budimir. A tawa motar dai har yau ba a gane wacce ce sabuwar lotsawar ba.

Babu wanda ya ji ciwo. Wani cikin makaɗan ya ce a kira ’yan sanda. Muka dubi Budimir, wanda tun sassafe kowane gida aka shiga sai an miƙa masa kofin giyar gida, kuma kum ba ya mayar da kofi. Milun ya dubi motarsa, ta taƙure gaba da baya.

“Fadan coci na jira,” ya ce. “Ba a ɗaura aure babu kum.”

Aka tura motar gefen titi, aka cusa kowa a sauran, aka tafi. Biki ya yi kyau ƙwarai.

Ranar Litinin na raka Milun ofishin inshora. Mai karɓar ƙorafi wata yarinya ce, Zorana, ’yar maƙwabcina. Ta yi mana bayani dalla-dalla. In mota biyu ce, direbobi na iya sasantawa a takarda. In ta wuce biyu, sai da rahoton ’yan sanda a wurin, mu kuma mun kwashe wurin mun tafi rawa. Hanya ɗaya ta rage: wanda ya yi bugun farko a rubuta sunansa, ya sa hannu, inshorarsa ta biya. Sai dai ’yan sanda za su tambaye shi dalilin barin wurin, da abin da ya sha, wataƙila lasin ɗinsa ya tafi.

“To, Baba Milun, wa ya buge ka ta baya?”

“Ina kallon gaba ne, ’yata.”

“Da ka fito fa, motar wa ka gani manne da taka?”

“Ranar biki ce. Motoci da yawa.”

“Baba, duk garin nan an san shuɗiyar motar da ta bar fenti a bambarka. Ni ma ina wurin, na ci naman.”

“To ki rubuta abin da kika ci.”

Ta ajiye biro ta ce masa in bai faɗi suna ba, kamfani ba zai ba da ko sisi ba, bankin kuma ba ruwansa, motar na tafiya ko tana kwance wata zai ƙare. Ya tambaya ko akwai inda ake rubuta cewa ba ya zargin kowa. Akwai. Ya sa hannu a nan, da kyakkyawan rubutu.

A hanya na ce, “Yaya, kai fa ka san Budimir zai sa hannu in ka tambaye shi.”

“Na sani. Shi ya sa ba zan tambaya ba.”

Na ji haushinsa ranar, har yanzu ma in na tuna ina ji. Grozdana ta yi mako ba ta sa masa gishiri a miya ba. Bakanike ya faɗi kuɗin gyara, Milun ya yi godiya, ya jawo motar gida da tarakta ya lulluɓe ta da tamfol a bayan rumbu.

Ranar bikin shekara-shekara na waliyyin gidan su Milun, da sanyi ya shigo, Budimir ya zo cin abinci. Ya ɗaga gefen tamfol ya leƙa.

“Kum, ba su biya ba ne?”

“Sun biya,” in ji Milun. “Kayan gyara ake jira daga Jamus.”

Ƙaryarsa ta farko ke nan a duniya, kuma ba ta yi kyau ba, har kunnuwansa sai da suka yi ja. Budimir ya saki tamfol ya koma ciki, bai taɓa kofinsa ba.

Zorana ce ta gaya mini sauran. Washegari Budimir ya je ofis da kwat da hula ya ce shi ne ya yi bugun, a kawo takarda. Ta ce lokaci ya wuce, kuma mai motar ya riga ya sa hannu cewa ba ya zargin kowa. Ya fita ya sayar da shuɗiyar motarsa, ya naɗe kuɗin a jarida ya kai gidan Milun. Yayata na tsaye a ƙofar kicin tana addu’a a karɓa.

“An riga an biya, Kum,” Milun ya ce. “So kake in ci biyu?”

Budimir ba zai ce wa kum ɗinsa maƙaryaci ba. Ya mayar da jaridar aljihu, suka yi hirar farashin taki.

Yanzu duk farkon wata Milun yana shiga gari ya biya banki kuɗin motar da ke bayan rumbu. Bas yake hawa. Budimir ma ba shi da mota, kuma ko ta yaya sai wani uzuri ya taso masa a gari a wannan ranar. Kujera ɗaya suke zama. In kwandasta ya zo, Budimir ya miƙa kuɗin mutum biyu, Milun kuma ya juya yana kallon gonaki ta taga har sai an ba da canji.